Inji Ɗaya Ko Injuna Da Yawa: Gardamar Masu Yaren Kwamfuta Ta Iso PK 14

Yaren kwamfuta abu biyu ne, ko da yake mai koyo yakan ɗauke su abu guda. Akwai ƙa'idar yaren, wato yadda ake jera umarni, da ma'anar kowace alama, da abin da ya halatta a rubuta. Sannan akwai injin yaren, manhajar da ke karɓar abin da ka rubuta ta mayar da shi aikin da na'ura za ta yi. Duk wanda ya ce maka yana koyon Python, kusan tabbas abin da ke kan kwamfutarsa shi ne CPython, injin da ya samo asali daga aikin da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda aka gina da yaren C. Amma ba shi kaɗai ke fahimtar Python ba. Akwai PyPy, akwai MicroPython, akwai Jython da IronPython, kowanne da mutanensa da dalilin da ya sa aka ƙera shi. Gardamar da ta daɗe a tsakanin masu wannan sana'a ita ce: shin jama'ar da ke riƙe da yare su tattara ƙarfinsu a kan inji ɗaya su ce shi ne yaren, ko kuwa su bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ƙera nasa?

Wani zai ce wannan rigimar manya ce ta Amurka da Turai, ina ruwan ɗan unguwar New Bell ta Duwala da ita. Da ruwansa ƙwarai. Yaran da iyayensu ke sayar da yadi da goro da kayan waya a kasuwannin Duwala, yau wasunsu suna haya a unguwar PK 14 don su kusanci harabar Jami'ar Duwala da ke Logbessou, wajen PK 17, inda makarantar injiniyoyi ta ENSPD take. Wasu kuma ba su taɓa shiga aji ba, daga bidiyo suke koyo. Kwamfutar da ke hannunsu ta gwanjo ce, datar da suke saukar da kayan aiki da ita da 'yan sefa aka saye ta, darasin aji da Faransanci ake yi, amsar matsala kuma galibi da Turanci aka rubuta ta. Mutumin da ke cikin wannan hali shi ne ya fi kowa jin jiki idan aka yanke shawarar da ba ta dace ba a can nesa, domin ba shi da rarar lokaci ko kuɗin da zai gyara ɓarnar da su.

Masu cewa a tsaya kan inji ɗaya suna da hujja mai nauyi, kuma hujjarsu ta farko ta shafi wannan yaron kai tsaye. Idan inji ɗaya ne, littafi ɗaya ya isa, malami ɗaya ya isa. Saƙon kuskuren da ya fito a allon ɗalibi a PK 14 shi ne daidai wanda ya fito wa wani a Indiya shekara biyar da suka wuce, har wani ya riga ya ba shi amsa. Ya kwafi saƙon ya nema, ya samu, ya ci gaba da aikinsa. Ba zai tsaya yana tambayar wane inji marubucin amsar ya yi amfani da shi ba. Duk wanda ya taɓa haɗa aikin rukuni ya san wannan maganar da ke ɓata dare: "Wallahi a tawa yana tafiya." Ko da inji ɗaya ana jin ta, balle a ce kowa da nasa.

Suna kuma da tarihi a hannu. Common Lisp ya sami kundin ƙa'idarsa na ANSI a 1994, kundi mai shafi fiye da 1,000, kuma tun daga lokacin ba a sabunta shi ba. Kundin bai ce komai ba a kan yadda manhaja za ta yi magana da intanet, ko yadda za ta gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Sai kowane inji ya bi hanyarsa: SBCL da tasa, Clozure da tasa, ECL da ABCL da LispWorks kowa da tasa. Wanda ke son rubuta kayan aikin da zai yi wa kowa amfani dole ya fara da rubuta gada tsakanin injunan kafin ya taɓa ainihin abin da ya kawo shi. Scheme ta fi haka tarwatsewa. Da aka fitar da ƙa'idar R6RS a 2007, maƙeran injuna da dama suka ƙi bin ta, har sai da aka sake zama aka fito da ƙaramar R7RS a 2013. Yaruka ne masu kyau da zurfi, kuma ba rarrabuwa kaɗai ce ta hana su yaɗuwa ba, amma babu mai musun cewa ta ci musu ƙarfi. Jama'ar da ba ta da yawa idan ta rarraba hannunta gida goma, dambu ne ya yi yawa, ba zai ji mai ba.

Hujja ta gaba ita ce wadda na fi jin tsoronta, domin ba ta ra'ayi ba ce. Abin da ya ɗaukaka Python ba kyan rubutunsa kaɗai ba ne, tarin kayan aikin da aka gina a kansa ne: NumPy na lissafi, pandas na tace bayanai, da manyan kayan ƙirƙirarriyar basira. Yawancinsu an ɗinke su ne da cikin CPython ta hanyar yaren C. Duk wani injin da ya zo daga baya, dole ya kwaikwayi wannan ciki ko ya rasa kayan. PyPy, wanda ya fi CPython gudu a ayyuka da yawa, ya kwashe shekaru yana wannan kwaikwayo. Jython kuwa har yanzu fitowarsa tabbatacciya tana kan Python 2.7, alhali an rufe babin Python 2 tun 1 ga Janairu 2020. Masu inji ɗaya sai su ce: tunda a aikace kowa CPython yake bi, me ya sa ba za a faɗi gaskiya ba, a daina wahalar da masu sa kai?

Ga kuma Rust, wanda ya fito da siga ta 1.0 a Mayun 2015 da inji guda. Duk mako shida ake sakin sabuwar siga, kuma kafin a yi babban sauyi sukan gwada shi a kan dubban manhajojin da jama'a suka wallafa don a ga wa zai karye. Da sai an jira injuna biyar sun yarda, da wannan saurin bai samu ba. Go ma yana da rubutacciyar ƙa'ida da injuna biyu tun farko, amma da babban injin ya ƙara wani muhimmin salo a siga ta 1.18 a Maris 2022, na biyun, gccgo, sai aka bar shi a baya.

Duk wannan gaskiya ne. To amma bari mu duba wani ƙaramin abu kusa-kusa, domin a nan ɗaya ɓangaren ya kafa ƙafarsa.

Ɗalibi ya rubuta 'yar manhaja don shagon babansa: ta buɗe fayil, ta rubuta cinikin yau a ciki, amma ya manta bai rufe fayil ɗin ba. A CPython babu abin da zai faru, domin wannan injin yana ƙirga masu riƙe da kowane abu, da zarar na ƙarshe ya saki sai ya share shi nan take, fayil ya rufu, rubutu ya sauka. Yaron zai yi shekara bai san ya yi kuskure ba. A PyPy sharar ba nan take ake yin ta ba, sai lokacin da injin ya ga dama, don haka wata manhajar na iya buɗe fayil ɗin ta tarar da shi wayam, ko wuta ta ɗauke cinikin ya tafi. Wa ke da laifi? Ƙa'idar Python ba ta taɓa yin alkawarin rufe fayil nan take ba. Ɗabi'ar CPython ce kawai, aka saba da ita har aka ɗauke ta doka. Inji na biyu ne ya tona bambancin da ke tsakanin abin da yare ya yi alkawari da abin da inji ya saba yi. Inda inji ɗaya ne tak, wannan bambanci ba ya ganuwa, kowane kuskuren maƙera sai ya zama doka, domin mutane sun riga sun gina a kansa, gyara shi zai rushe musu aiki.

Duniyar intanet ta ɗanɗana wannan da kanta. Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, Microsoft ta yi nata kwafin a 1996, aka rubuta ƙa'idar ECMAScript a 1997 don su daidaita. Sai Internet Explorer na Microsoft ya cinye kasuwa, ya kai fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet. Aka sami inji ɗaya a aikace, abin da masu wancan ra'ayi ke fata. Me ya biyo baya? An saki siga ta 6 a 2001, ba a sake sakin wata ba sai 2006. Shekara biyar babu motsi, masu gina shafuka suna rubutu don biyan buƙatar kurakuran burauza ɗaya. Sai da Firefox ta fito a 2004, Chrome da injinsa V8 suka biyo a 2008, sannan aka shiga tseren gudu da ya mayar da JavaScript yaren da za a iya gina manyan manhajoji da shi. Daga V8 ɗin nan Ryan Dahl ya gina Node.js a 2009, wanda matasan Duwala da yawa ke cin abinci da shi yau.

Mutanen intanet sun ɗauki darasi har suka mayar da shi sharaɗi. Kwamitin TC39 mai kula da JavaScript ba ya shigar da sabon abu cikin ƙa'ida sai injuna biyu sun gina shi kuma sun ci gwaji iri ɗaya, daga tarin gwaje-gwajen da ake kira Test262. A 2010 an yi watsi da wani tsarin ajiyar bayanai mai suna Web SQL, ba don ba ya aiki ba, sai don duk waɗanda suka gina shi SQLite suka saka a ciki, babu wani gini mai zaman kansa da zai nuna cewa abin da aka rubuta a takarda ya isa a yi aiki da shi. Wasu har yau suna ganin an yi asara, kuma ina fahimtarsu, domin abin da ya maye gurbinsa ya fi wuyar sha'ani. Amma dalilin waɗanda suka yi watsi da shi ba na wasa ba ne.

Kishiya kuma tana tayar da uwargida daga barci. PHP, wanda WordPress da shafukan ƙananan kamfanoni da yawa ke tafiya a kansa, ya daɗe yana jan ƙafa. Facebook ya ƙera nasa injin, HHVM, har Wikipedia ta koma kansa a 2014. Cikin shekara guda, a Disambar 2015, PHP 7 ya fito da gudu kusan ninki biyu na wanda ya gabace shi. Daga baya HHVM ya bar PHP gaba ɗaya a 2019, amma ribar ta zauna wa kowa. Haka a yaren C, injin Clang, da ya fito a 2007 da saƙonnin kuskure masu fahimta, ya sa injin GCC ya gyara nasa. A Python ma akwai irin wannan. Ma'ajiyar da ake kira dict a da ba ta kiyaye jerin yadda aka zuba mata abubuwa. PyPy ne ya fara gina sabon tsari mai cin ƙaramin wuri wanda kuma ke kiyaye jeri, CPython ya ɗauka a siga ta 3.6 a 2016, aka mayar da shi alkawarin yare a 3.7 a 2018. Ƙaramin injin da ake cewa ɓata ƙarfi ne, shi ya zama wurin gwajin abin da kowa ke mora yanzu.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan kusa da gida. A unguwannin bayan gari irin su PK 14, gidaje da yawa da rijiyar burtsatse da tanki suke rayuwa. Yaron da ya iya Python yana son ya haɗa 'yar na'urar da za ta kashe famfo idan tanki ya cika, ta kuma hana shi tashi idan wuta ta yi rauni. Allon ESP32 na kamfanin Espressif, wanda bai kai faɗin katin shaida ba, zai yi wannan aikin da kuɗi kaɗan, amma ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 520 ce kacal. CPython ba zai shiga nan ba ko an matsa shi. MicroPython, wanda Damien George ya fara a 2013, an ƙera shi ne don irin wannan matsatsin wuri. Da jama'ar Python sun ce inji ɗaya ne halal, da wannan yaron sai ya koma ya koyi C kafin ya kunna ko da fitila ɗaya. Inji guda ana gina shi ne daidai da buƙatar waɗanda suka fi yawa ko suka fi kuɗi, kuma waɗannan ba su ne masu tankin ruwa a bayan Duwala ba.

Wayar da ke aljihunka ma shaida ce. Duk Tecno ko Infinix mai Android tana gudanar da manhajojin Java da Kotlin a kan injin da Google ya gina, Dalvik a da, ART tun 2014, ba a kan injin Sun, kamfanin da ya ƙirƙiri Java, ba. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, ya maka Google a kotu yana neman diyyar da ta kusa dala biliyan 9, shari'ar ba ta ƙare ba sai a Afrilun 2021 da Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Kusan shekara goma sha ɗaya ana jayayya a kan ko Google na da ikon kwafar wasu sassan Java da wani ya mallaka don gina nasa injin. Wannan ya kawo mu kan tambayar da ba a cika son yi ba: idan inji ɗaya ne, a hannun wa yake? A 2019 dandalin GitHub ya taƙaita asusun masu aiki daga Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Masu inji ɗaya za su amsa cewa CPython da Rust a buɗe suke, kowa na iya kwafa ya ci gaba da nasa, kuma amsar tana da ƙarfi. Sai dai kwafar rubutu daban, samun mutanen da suka san yadda ake gina inji daga tushe daban. Irin waɗannan mutane a wajen ƙera inji na biyu da na uku ake samun su.

Ni a ganina ɓangarorin biyu suna jayayya ne a kan abin da bai kamata a haɗe ba. Dubi cajar waya. Shekarun baya mai shagon kayan waya sai ya ajiye baki iri-iri, na Nokia siriri, na Samsung mai faɗi, na iPhone daban. Da Tarayyar Turai ta wajabta USB-C daga 28 ga Disamba 2024, ba ta ce masana'anta ɗaya ce za ta ƙera caja ba. Bakin ta daidaita, ta bar kowa ya ƙera. Abin da ya kamata jama'ar yare su haɗu a kansa ke nan: rubutacciyar ƙa'ida, da tarin gwajin da duk injin da ke son a kira shi da sunan yaren zai ci. Bayan haka, a sami babban inji guda da masu koyo da yawancin ma'aikata za su riƙe, babu laifi, hasali ma alheri ne. Abin da nake adawa da shi shi ne a ce injin nan shi ne ƙa'idar, duk abin da ya yi daidai ne.

Ba na cewa wannan hanya kyauta ce. Rubuta ƙa'ida aiki ne mai gajiyarwa da ba ya kawo suna, kuma ƙaramar jama'a na iya rasa mai yi. Haskell na da kundin 2010, amma da injin GHC ya yi wa sauran nisa, yunƙurin sabunta kundin ya mutu, yau abin da GHC ya karɓa shi ne Haskell. Ƙa'ida kuma ba ta hana babba cinye ƙanana: Opera ta bar injinta a 2013, Microsoft ta mayar da Edge kan Chromium, tushen Chrome, a 2020, saura Firefox da Safari ke riƙe da nasu. Ga sabon yare da ke neman tsayawa da ƙafarsa, na yarda inji ɗaya ya fi, domin a lokacin ba a ma san me za a rubuta a kundin ba. Amma da zarar asibitoci da bankuna da motoci sun fara dogara da yare, uzurin ya ƙare. Rust da kansa ya nuna haka. Da ya shiga cikin Linux a siga ta 6.1 a ƙarshen 2022, kuma masu ƙera motoci suka fara nemansa, sai ga aikin rubuta masa ƙa'ida ya taso, ga kuma gccrs, inji na biyu da ake ginawa a cikin GCC.

Python yana tsaka-tsaki. Ba shi da kundin ISO irin na C, amma yana da littafin bayanin yare, kuma a cikin takardunsa akwai wuraren da aka yi wa alama cewa wannan ɗabi'ar CPython ce kawai, kada a dogara da ita. A cikin gwaje-gwajensa ma akwai waɗanda aka ware aka ce na CPython ne shi kaɗai. Yawancin masu koyo tsallake waɗannan wurare suke yi, malamai da yawa ma haka.

Mai koyar da yara a New Bell ko PK 14 ya fara da CPython, kada ya rikita su da zaɓi a watan farko. Idan hannunsu ya faɗa, ya sa su ɗauki 'yar manhajar shagon nan su gudanar da ita a PyPy, sannan su gwada wani yanki nata a MicroPython a kan allon ESP32 guda da ajin zai yi karo-karo ya saya. Wani abu zai karye, ko fayil ɗin da ba a rufe ba, ko wani kayan aikin da ƙaramin injin bai ɗauko ba. Sai ya sa su buɗe takardun yaren su nemo da kansu ko an taɓa yi musu alkawarin abin da suka dogara da shi.